A Sauko da Jarumi Ƙasa



Mun gaji da jarumin fim da zai faɗa kangon masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, ya tarar da ƙarti goma, ya yi tsalle ɗaya ya zubar da su, ko hularsa ba ta karkace ba. Faɗan aro ne daga finafinan Indiya da na Chanis, aron ma rabi. Bruce Lee sai da ya koyi Wing Chun a hannun Ip Man a Hong Kong kafin ya yi Enter the Dragon a 1973. Masu kwaikwayonsa ihun kawai suka kwaso.

Alhali ga dambe a ƙofar gida. Hannu ɗaya ake naɗewa da zare, ɗayan yana tsaro. Turmi uku ake yi. Wanda ya kai ƙasa an kashe shi, magana ta ƙare. Ga kalangu, ga kirari, ga Kudu da Arewa. Shago bai taɓa tashi sama ba, amma Ɗan Anace ya waƙe shi.

Za a ce ai fim nishaɗi ne. To, leburan da ya wuni yana dakon fatu a Challawa ya san nauyin ƙato, ya san yadda numfashi ke ƙarewa. In ya tuntsire da dariya inda aka so gabansa ya faɗi, labari ya mutu.

Kafin mu rubuta faɗa, mu je gidan dambe mu zauna. Mu kalli ƙafa kafin hannu. Mu bar jarumi ya gaji, ya sha naushi, ya ji tsoro.