'Yar jari-hujjar da ke neman a yi wa kasuwa linzami

1/
Jiya a wurin mai shayin bakin hostel musu ya kaure. Wani abokina ya ce duk mai maganar tazarar attajiri da talaka, ko dai ɗan gurguzu ne ko kuma hassada ke cinsa. Na ce masa zan kawo misalin da zai rusa wannan magana. Ga shi nan, ku biyo ni a hankali.

2/
Sunanta Elizabeth Warren, sanata mai wakiltar jihar Massachusetts a Amurka tun 2013, 'yar jam'iyyar Democrat, ɓangaren masu sassaucin ra'ayi. A 2018 ta faɗa da bakinta cewa ita 'yar jari-hujja ce har cikin ƙashinta. Amma manyan bankunan ƙasar ba sa ko son jin sunanta. To me ya haɗa su?

3/
A Oklahoma aka haife ta a 1949. Tana shekara 12 mahaifinta ya samu bugun zuciya, samu ya ja baya, har motar gidan ta salwanta. Mahaifiyarta ta kama aiki a kamfanin Sears a kan mafi ƙarancin albashi, da shi aka riƙe gidan. Ba a littafi ta fara sanin talauci ba.

4/
Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: har zuwa 1996 rajistar Republican gare ta. Farfesar shari'a ce da ta shafe shekaru tana bincike a kan masu karayar arziki. Ta tarar da yawansu ba almubazzarai ba ne. Rashin lafiya, rasa aiki ko mutuwar aure ne suka kayar da su.

5/
Ga ra'ayinta a taƙaice: kasuwa na samar da arziki, amma sai da doka da alƙalin wasa. Ku ɗauki ƙwallo. A cire alƙali, a bar ƙungiyar da ta fi kuɗi ta rubuta ƙa'ida, wasa za a kira wannan? Ba ta ce a rushe fili ba, cewa ta yi a dawo da alƙali.

6/
A 2011 ta yi wani jawabi da ya zagaya intanet. Ma'anarsa: babu wanda ya yi arziki shi kaɗai. Ka gina masana'anta, madalla. Amma hanyar da kayanka ke bi, makarantar da ta koyar da ma'aikatanka, 'yan sandan da ke tsaronka, duk da kuɗin jama'a aka yi su. Ci ribarka, ka mayar da wani kaso.

7/
Ba a baki ta tsaya ba. Bayan rikicin kuɗi na 2008, wanda miliyoyin Amurkawa suka rasa gidajensu a cikinsa, shawararta ce ta haifi hukumar CFPB mai kare masu cin bashi da masu ajiya daga zambar bankuna. Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta kafa ta, ta fara aiki a 2011.

8/
A 2016 aka gano ma'aikatan bankin Wells Fargo sun buɗe asusu kusan miliyan 2 ba da sanin masu su ba. An kori ƙananan ma'aikata kimanin 5,300, oga yana zaune daram. A zaman majalisa Warren ta ce wa shugaban bankin, John Stumpf, ya sauka. Wata bai cika ba ya ajiye aiki.

9/
Da ta fito takarar shugaban ƙasa a 2019, ta kawo harajin dukiya: kashi 2 cikin 100 duk shekara a kan abin da ya haura dala miliyan 50. Mai miliyan 60 zai biya dala 200,000 ke nan, don miliyan 50 ɗin farko ba a taɓa su. Wanda ya san nisabi zai gane lissafin da wuri, ko da yake tushen ba ɗaya ba ne.

10/
Adalci dai, masu suka na da hujja. A 1990 ƙasashe 12 na ƙungiyar OECD ne ke da irin wannan haraji, zuwa 2017 saura 4. Sweden ta soke nata a 2007. Ƙiyasta dukiya na da wuya, kuma kuɗi na da ƙafa, sukan tsallaka iyaka. Wannan tambaya ce ta gaske, ba a kore ta da zagi.

11/
Inda ta fi burge ni shi ne haɗa tazarar arziki da halin 'yan siyasa. Attajiri ya ɗauki nauyin kamfe, ɗan siyasa ya ci, doka ta fito yadda attajiri ke so, arzikinsa ya ƙaru, ya sake ɗaukar nauyin wani. Shi ya sa a 2019 ta ce ta daina liyafar tara kuɗi da manyan masu hannu da shuni a zaɓen fidda gwani.

12/
To amma fa ita ma ba a wanke take tas ba. Ta kwaso kusan dala miliyan 10 daga asusun takararta ta sanata, lokacin da take zuwa irin waɗancan liyafofi. A muhawarar Disamba 2019 Pete Buttigieg ya goranta mata wannan. A gani na, gorin ya zauna.

13/
Akwai kuma batun iƙirarin da ta yi na jinin 'yan asalin Amurka, har da gwajin ƙwayar halitta a 2018, wanda daga baya ta nemi afuwar al'ummar Cherokee a kansa. A Maris 2020 ta janye daga takara bayan ta zo ta uku a jiharta. Gaskiyar magana kaɗai ba ta cin zaɓe.

14/
Me ya shafe mu? A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40. Mafi ƙarancin albashi lokacin 30,000 ne. Ma'aikaci sai ya tara albashin sama da shekara 270 bai ci ko sisi ba kafin ya sayi fom ɗin APC. Wanda aka saya wa fom, wa zai yi wa aiki?

15/
Don haka, abokina, ga amsarka. Mutum na iya son kasuwa, ya yi murna da ɗan'uwansa ya samu, kuma ya tambayi wa ya rubuta dokar da ake wasan da ita. Wannan ba hassada ba ce. Sanin ciwon kai ne.

16/
Kuma mudun da muka auna Warren da shi, da shi za mu auna gwanayenmu. Kafin ka yi faɗa da ɗan ajinku saboda wani ɗan takara, tambayi abu biyu: wa ke biyan kuɗin kamfe ɗinsa, kuma wace doka ya taɓa kawowa da ta ɓata wa mai biyan rai?

17/
Wanda ke da akasin wannan fahimta, bismillah, fili a buɗe yake. Hujja dai, ban da zagi. Ni na tafi karatu, jarrabawa ta matso. Allah Ya sa mu dace.