Digiri daban, iya koyarwa daban: wa zai tsaya gaban ƴaƴanmu a aji?

Koke biyu ne ake yawan ji a bakin ƴan kasuwa idan aka taɓo zancen boko, ko a babbar kasuwar Maraɗi, ko a kasuwar Dole ta Damagaram, ko a Katako ta Yamai. Na farko shi ne na uwar da ta yi shekara da shekaru tana tuyar ƙosai ko saida atamfa tana ɗawainiyar ɗanta har ya samo digirin lisans a jami'a, yau ga shi zaune a rumfar kawunsa yana rubuta bashi a littafi. Na biyu shi ne na uban da ɗiyarsa ta kai aji shida, wato CM2, amma in ya miƙa mata rasit ba ta iya karanta masa. Sai ka ji wani ya haɗa koken biyu wuri guda ya ce: to me ya hana a kwashi masu digirin nan da ke zaman kashe wando a zuba su a lakwal su koyar da ƙananan? Tambaya ce mai ma'ana, kuma masu sauraro sun sha bugo waya gidan rediyo da ita. Sai dai amsarta ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato.

Idan mai karatu bai manta ba, a da mushen furamare ma'aikacin gwamnati ne cikakke, mai lamba da albashi da fansho, wanda ya fito daga makarantar horon malamai irin su Askiya Muhammad ta Damagaram, Mali Bero ta Doso, Kawusan ta Tawa ko Bawa Jan Gwarzo ta Maraɗi. Da aljihun gwamnati ya yi rauni, ga kuma masu ba da lamuni na waje suna cewa albashin malamai ya yi wa kasafi nauyi, sai a 1998 aka fara ɗaukar waɗanda aka kira ƴan sa kai na ilimi, daga baya suka koma malaman kwantaragi. Shirin ilimi na shekara goma da aka fara a 2003 ya buɗe azuzuwa ko'ina a karkara, kuma da waɗannan malaman aka cike su. Da yawansu takardar birbe kawai gare su, wasu horon kwana 45 aka ba su aka damƙa musu alli, a kan kuɗin wata da bai kai jika 50 ba a wancan lokaci. Kafin shekara 15 ta zagayo, kusan kashi 80 cikin 100 na masu tsayawa a aji ƴan kwantaragi ne.

Ba za a ce abin bai yi rana ba, domin ƙauyuka da dama sun ga lakwal karo na farko ta wannan hanya. To amma araha ba ta ado. A binciken PASEC na 2014, wanda ya gwada yaran ƙasashe goma na Afirka masu aiki da Faransanci, ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ƴan ajin ƙarshe na furamare a Nijar ne suka kai matakin karatu da ake bukata, kuma mu ne muka riƙe wutsiya. A watan Yuli na 2017 ministan ilimin furamare na lokacin, Dauda Mamadu Marte, ya sa aka yi wa malaman kwantaragi jarrabawar Faransanci da lissafi, duk da ƙungiyoyin malamai sun yi kiran a ƙaurace mata. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu 10 bisa 20. An sallami dubbai, an mayar da wasu horo. A shekarar nan dai gwamnan Kaduna Nasiru El-Rufa'i ya yi irin wannan gwaji da tambayoyin ƴan aji huɗu, malamai 21,780 cikin 33,000 suka kasa kai makin da aka sa, a ƙasar da doka ta ce mafi ƙarancin takardar malami ita ce NCE, wadda ake shekara uku a kwalejin ilimi kafin a samu. Wannan na Kaduna ya kamata ya sa mu yi tunani: takarda tana iya hawa sama, ilimin da ke cikinta bai bi ta ba.

Bayan waccan girgiza ce gwamnatin da ta hau a 2021 ta ɗauki matakin cewa sai mai bakaloriya zai shiga makarantar horon malaman furamare, an rufe ƙofar birbe. A ganina matakin daidai ne, domin wanda bai ƙware a rabawa da ninkawa ba, ba ya koya wa wani. Amma a shekarun 2021 zuwa 2023 wajen ɗalibi ɗaya cikin huɗu ne ke cin bak a ƙasar nan, kuma wanda ya ci ɗin idonsa yana kan jami'ar Abdu Mumuni, ko Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, ko Andre Salifu ta Damagaram, ko Jibo Hamani ta Tawa, ba kan ajin zana a wani ƙauye mai nisa da kwalta ba. Ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 25, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Kowace shekara dubun dubatar yara ne ke isa shekarun shiga CI.

Masu cewa a ƙara ɗaga sandar har zuwa digiri na biyu, wato masta, suna kafa hujja da ƙasashen Turawa, kuma gaskiya ne akwai inda ake haka. A Finlan tun 1979 malamin furamare sai da masta, shekara biyar a jami'a, kuma ana rububin shiga sashen har akwai shekarun da mutum ɗaya cikin goma ake ɗauka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mastar tasu ta koyarwa ce tun daga tushe: jami'o'in suna da makarantunsu na gwaji inda ɗalibi ke tsayawa gaban yara, gogaggen malami na zaune a baya yana duba shi yana gyara masa. Ga shi kuma duka ƙasar mutum miliyan biyar da rabi ne, kwatankwacin jahar Damagaram ita kaɗai. A jahar Niyok ta Amurka ma ana fara aiki da digirin farko da takardar izinin koyarwa ta wucin gadi, sannan a ba malami wa'adin shekara biyar ya kawo masta kafin a ba shi babbar takarda.

Labarin da ya fi dacewa da mu shi ne na Faransa, tunda daga wurinta muka gaji CI da CM2 da sufeto da sauran tsarin. A 2010 ta wajabta wa malamin furamare masta, shekara biyar bayan bak. A 2022 ta tura gasar ɗaukar malamai zuwa ƙarshen shekara ta biyar ɗin. Albashi kuwa bai hau daidai da wahalar ba. Sai matasa suka yi lissafi irin na ɗan kasuwa, suka ga jarin ya fi ribar, suka nufi wasu ayyuka. A shekarar 2022 ɗin dubban guraben koyarwa ne suka rasa mai cike su, har a yankin Bersayi aka riƙa ɗaukar malaman kwantaragi bayan ganawar minti 30. Kun ji fa, kwantaragi a Faransa! A 2025 gwamnati ta ja da baya: daga 2026 mai lisans zai iya zama gasar, in ya ci sai a riƙa biyan sa yana yin shekara biyu na horo har ya kammala mastar. Wato ƙasar da ta fi mu kuɗi nesa ba kusa ba ta gano cewa ba a ɗora wa mutum tsadar karatu a bar shi da ƙaramin albashi.

Yanzu mu dawo kan ɗan Hajiya mai lisans. A ce a fannin shari'a ko labarin ƙasa ya yi shi. Ko shakka babu ya fi mai birbe Faransanci. To amma a shigar da shi ajin CI, gaban yara 70 ko 80 ƴan shekara shida ko bakwai, zaune kan tabarma, waɗanda ba su taɓa jin kalmar Faransanci ɗaya a gidajensu ba, wasu ko karin kumallo ba su yi ba. Ta wane harafi zai fara? Yaya zai gane yaron da ke haddace allo da ka alhali bai san baƙi ko ɗaya ba? Me zai ba rabin ajin su yi yayin da yake fama da ɗaya rabin? A ƙauyen da malami ɗaya ke riƙe da aji biyu a ɗaki guda, yaya zai raba yininsa? Ba a koyar da wannan a tsangayar shari'a. Sana'a ce mai zaman kanta, kuma ƴan kasuwa sun fi kowa sanin haka, domin ba wanda ke damƙa wa yaro shago ranar da ya zo don kawai ya iya lissafi. Sai ya yi shekaru yana kallon yadda maigida ke auna kaya, yadda yake karɓar mai saye, wa ake ba bashi wa ake hanawa. Takardar makarantar horon malamai, da jarrabawar aiki ta CEAP da CAP da sufeto ke zuwa har cikin aji ya ga yadda mutum ke koyarwa, su ne shaidar wannan zama gaban maigida. Digiri shaidar wani abu ne daban.

Akwai kuma batun harshe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa, kuma kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ya zama harshen ƙasa. In har za a kai wannan cikin aji, ana bukatar malamin da ya iya rubuta Hausa bisa ƙa'ida, ya san bambancin k da ƙ, d da ɗ, ya kuma san yadda ake haye da yaro daga harshen gida zuwa wani. Masu masta nawa ne za su iya rubuta wa mahaifiyarsu wasiƙa da Hausa ba kuskure?

Saboda haka ni dai ina ganin ƙofar ya kamata a buɗe wa masu lisans da masta, amma ta cikin makarantar horon malamai za ta bi, ba ta bayan katanga ba: shekara guda cur, rabinta a cikin ajin gaske ƙarƙashin tsohon malami, ana ba su abin kashewa, in sun fito a san matsayinsu da ranar da za su samu lamba. In ba haka ba, abin da ake gani da masu bautar ƙasa da ake turawa kwaleji da lise shi zai maimaitu: a riƙe alli kafin wata ƙungiya mai zaman kanta ko gasar kwastan ta kira. Ko da aka kai kuɗin ɗan kwantaragi jika 75 a wata, a cire haya da buhun hatsi da kuɗin mota zuwa inda ake biya, sannan a tuna watannin da kuɗin ke makara har a shiga yajin aiki. Wace uwa ce a cikinku za ta sayar da akuyoyinta da zannuwanta ɗanta ya yi shekara biyar a jami'a don wannan? Binciken PASEC na 2019 ya nuna masu kai matakin karatu sun tashi zuwa wajen kashi 30 cikin 100, bayan an tace malamai an kuma dage kan karatu da lissafi a ƙananan azuzuwa, ba tare da an kawo masu masta ba. Har a lokacin yara bakwai cikin goma suna baya.

Kafin hukuma ta yi nata, akwai abin da ke hannun iyaye. Da yawanku kun kwashe yara kun kai makarantun kuɗi, inda ake yi muku tallar cewa malamansu duk ƴan jami'a ne. Ranar biyan kuɗin rajista, Alhaji, Hajiya, ku tambayi darakta: malamin CI da na CP, ya yi makarantar horon malamai? Shekara nawa ya yi yana riƙe da ƙananan aji? Malamai nawa suka bar makarantar bara, kuma ana biyan su a watannin hutu? Masu yara a lakwal ɗin gwamnati kuma suna da kujera a kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata, inda za su iya neman a sa malamin da ya fi gogewa a ajin farko maimakon a ajiye shi a CM2 a bar wa sabon zuwa ƴan ƙanana. In yaro ya gama CP, a rubuta masa sunan kaya uku da farashinsu a bayan kwali, a ce ya karanta ya haɗa kuɗin.