A Zuba Kuɗi Likitan Ƙwaƙwalwa Ya Iso Shasha Ta Waya

Rikicin da ya ɓarke a Kasuwar Shasha ta Ibadan cikin watan Fabrairu na 2021 ya ci rayuka, ya ƙone rumfuna da gidaje. Gwamnoni huɗu na Arewa sun zo jaje, aka yi ta batun sake gini. Amma akwai ɓarnar da bulo da siminti ba su gyara ta: magidancin da jarinsa ya zama toka, barci ya ƙaurace masa, da matar da ko ƙarar kwano ta ji sai gabanta ya faɗi. Wasunsu suna nan Shasha da Sabo, wasu kuwa sun koma ƙauyukansu da abin a zuci.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, alhali jama'a sun haura miliyan 200, kuma galibinsu a manyan birane suke. Za a ce ai mutumin Shasha ba ya cikin wannan matsala, tun da ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan kusa da shi. To, amma ciwon damuwa da baki ake bayyana shi, kuma ba kowane dattijo zai zazzage cikinsa ta bakin tafinta ba, balle matar aure. Nisan harshe ya raba shi da likita kamar yadda nisan hanya ya raba ɗan'uwansa na ƙauyen Zamfara.

Waya tana iya toshe wannan giɓi. A asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware da Kaduna da Maiduguri akwai ma'aikata masu jin Hausa. Kuma kai magani inda majinyaci yake ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara jinyar masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta. A Ibadan ɗin ma Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada, ma'aikatan ƙananan asibitoci suka yi jinyar masu ciwon damuwa, likitoci na taimaka musu ta wayar hannu.

Saura kuɗi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta tanadi asusu na musamman. Asusu a takarda kuwa ba ya biyan likita. Wajibi ne Gwamnatin Tarayya ta ware kaso daga ciki domin ladan likitocin da za su zauna bakin waya, da kuɗin kira, da wutar hasken rana, da magani, don shawara ba ƙwaya wahalar banza ce ga wanda ciwonsa ya yi nisa. Wanda ya fita hayyacinsa dai gadon asibiti yake bukata, waya ba ta isar masa.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su ma da nasu aikin: ɗaki guda mai ƙofa a gefen kasuwa, inda mutum zai gana da likita ba tare da makwabcin rumfa ya ji ba.