Cin Wasa da Cin Gari

Aikatau "ci" yana cikin kalmomin Hausa mafi yawan rassa. Ana cin tuwo, ana cin kasuwa, ana cin jarrabawa, ana kuma cin amana. Da shi Bahaushe yake cewa wane ya ci wasa, da shi kuma yake cewa sarki ya ci gari da yaƙi. Akwai wani nau'in wasan kwamfuta da ya haɗe ma'anonin nan biyu na ƙarshe, ta yadda ba a cin wasan sai an ci garuruwa. Ya dace ɗaliban kimiyyar harshe su dube shi da idon nazari.

Fitattu a wannan nau'i su ne wasannin kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin. Europa Universalis IV ya fito a 2013, yana ɗaukar tarihi daga 1444 zuwa 1821. Victoria 3 ya fito a 2022, yana farawa daga 1836 ya tsaya a 1936. Mai wasa yakan zaɓi ƙasa ɗaya, ya riƙe baitulmalinta da rundunarta. Wani ya ɗauki daular teku irin su Ingila ko Fotugal. Wani ya ɗauki daular tudu irin su Rasha ko Ostiriya, waɗanda suke girma ta hanyar haɗiye maƙwabta. Abin da yake gani a allo taswira ce, alamar nasara kuwa ita ce launin ƙasarsa ya malale ta.

A ra'ayina wasan ba abin ƙyama ba ne, amma jimla ce mai tsari ɗaya tak. Daula ita ce aikau, mamaya ita ce aikatau, ƙasar wasu kuma karɓau. Matashin Tasawa ko Mayahi da ya ɗauki Faransa, ya tura runduna ta ƙasa daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi, ya kamata ya san cewa an taɓa furta wannan jimla a zahiri, kuma kakanninsa ne karɓau a cikinta.

A watan Janairu na 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine ta tashi daga bakin Kwara ta nufi Chadi. Ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a watan Mayu, ta bar ƙonannun ƙauyuka da gawarwakin dubban mutane a bayanta. Da labari ya kai Faris, aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragamar rundunar. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi, sannan ya shaida wa hafsoshinsa cewa shi ya bar zama Bafaranshe, zai kafa daular kansa. Cikin kwana uku sojojinsa baƙar fata suka kashe shi da Chanoine. Kaburburansu suna nan a Maijirgi, a kan hanyar Tasawa zuwa Damagaram. Sauran rundunar ta wuce, ta ci Damagaram a ƙarshen watan, ta kai Chadi. A taswirar Faransa tafiyar ta yi nasara, domin launi ya malale.

Abin da taswira take ɓoyewa shi ne kuɗin da daular tudu take ci. Jirgin ruwa yana ɗauke da guzurinsa. Runduna mai tafiya a ƙasa kuwa sai ta sha daga rijiyar wani, ta ci daga rumbun wani, ta ɗora kayanta a kan ɗan wani. Wasa yana da lissafin sojojin da yunwa da ƙishi suke ragewa, amma ba ya ƙidaya matar da aka kwashe wa gero ana dab da shuka. A allo, kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa Mayahi, da gonakinsa da rijiyoyinsa, ɗigon launi ne kawai.

Alhali rijiya ce ta zana iyakar da muke zaune da ita. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta shata da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ta bar wa Faransawa hanya marar ruwa zuwa Damagaram. Shi ya sa aka sake gyara iyakar a 1904 da 1906, Ƙonni da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa. Katsinawan Maraɗi da Tasawa suka tsinci kansu a gefe ɗaya, Birnin Katsina a ɗaya gefen. Harshe ya adana shaidar wannan yanka: "biro" a Tasawa wurin aikin gwamnati ne, a Katsina kuwa abin rubutu.

Mai kare wasan zai ce ai ana iya ɗaukar Katsina, Kano ko Zazzau a wasan farko, ko Sakkwato a na biyu, har a kori Bature. Gaskiya ne, kuma matasa da yawa a can suka fara ganin sunayen daulolinmu kusa da na Turai. Sai dai sauya aikau bai sauya tsarin jimla ba, nasara dai ita ce faɗaɗa iyaka. Mutanen Tasawa sun san haka tun kafin zuwan Nasara, tun da sarautarsu tsatson sarakunan Katsina ce da jihadi ya fitar daga birninsu a farkon ƙarni na 19. Wanda aka ci garinsa ba ya tambayar launin tutar da ta ci shi.

A nan aikinmu yake. Kalmar da Faransanci da Ingilishi suke amfani da ita wajen kafa mulki a ƙasar wasu ta samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin manomi, kamar wanda ya tarar da saura ya share. Hausa kuwa ta ce "mulkin mallaka", ta ambaci abin da sunansa. Duk wanda zai fassara irin waɗannan wasanni, ko ya yi sharhinsu da Hausa, kada ya rage wa wannan kalma kaifi. Ya kuma yi hattara da lamirin "an". Idan allo ya ce an kwantar da tarzoma, sai a tambaya: wa ya kwantar, wa aka kwantar, da me?

Sannan ga aikin fage. Ɗalibin da zai je hutu Tasawa, Maijirgi ko Mayahi ya tafi da na'urar ɗaukar murya, ya zauna gaban dattawa cikin ladabi, ya ji da waɗanne kalmomi suke ba da labarin zuwan Nasara, da sunayen rijiyoyi da kufai, da ma'anar kowane suna. Wannan taska ba ta cikin kowace kwamfuta a Suwidin, kuma kowace shekara masu riƙe da ita raguwa suke yi.

A yi wasa, a ji daɗinsa, a koyi tarihin Turai daga gare shi. Amma idan launi ya kai kan Tasawa, mai wasa ya ɗan dakata, ya juya jimlar, ya karanta ta daga wajen karɓau.