Tiga ta fi buƙatar hanyar ƙafa a kan sabon otal

Duk lokacin da aka ta da zancen yawon buɗe ido a Arewa, abin da ke fara fitowa daga bakin hukuma shi ne otal da zauren taro da kwangilar biliyoyi. A ganina an fara ne daga inda ya kamata a ƙare. Abin da madatsun ruwanmu suka rasa shi ne hanyar ƙafa zuwa kan duwatsun da ke gefensu, inda mutum zai hau cikin rabin awa, ya sha iska yana kallon ruwa, ya sauko ya isa gida kafin magariba.

Ai an riga an gwada otal. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, aka sami tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 178. An kafa otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana fuskantar ruwan, aka yi wani a Bagauda. Yau harabar na Bagauda ta koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi, na Tiga kuwa ya daɗe da rasa armashinsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: otal yana cin kuɗin wuta da albashi da gyara ko da baƙo ko babu, kuma masu iya biyan kuɗin kwana ba su da yawa. Hanyar ƙafa kuwa sharewa take so, da matakala a inda dutse ke da santsi, da rumfa, da ban ɗaki, da ɗan wurin sallah. A Abuja, matasa na taruwa a ƙarshen mako su hau duwatsun da ke kewaye da madatsar Usuma, wajen Ushafa, ba tare da kowa ya gina musu masauki ba.

Za a ce hawan dutse shagalin wanda ya ƙoshi ne, ana fama da tsadar abinci. Gaskiya ne manomin Bebeji ba ya neman wanda zai koya masa motsa jiki. Amma ma'aikacin ofis da ɗan kasuwar Kantin Kwari, masu wuni a zaune, su ne hawan jini da ciwon suga ke bi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na ba babba shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Kuɗin da za su kashe kuma hannun wa zai shiga? Mai gasa kifi, da mai fura, da ɗan acaɓa, da saurayin ƙauyen da ya san kowane lungu na dutsen zai yi musu jagora.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne tsaro, kuma ba na raina shi, musamman da yake dajin Falgore ba shi da nisa da Tiga. Sai dai wurin da aka ƙaurace wa shi ɓata-gari suka fi so. Hanya guda sananniya, mai ƙofar shiga da rajista da 'yan sintiri daga garin, a buɗe da safe a rufe da la'asar, ta fi sauƙin tsarewa a kan dutsen da ba mai leƙawa. Haɗarin ruwa ma haka yake. Kifewar kwale-kwale a madatsar Watari ta Bagwai a 2021, wadda ta ci rayukan ɗaliban Islamiyya da dama, ta nuna inda ajali ya fi kusa. Mai kallo daga kan dutse bai shiga jirgi ba, bai kuma ƙazanta ruwan da ake sha da ban-ruwa ba. Masu tsoron kada wurin ya zama matattarar sheƙe aya, sai a ware ranakun iyali da na makarantu, a sa dagaci da limamin gari cikin masu kula.

Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda madatsar Tiga ke hannunta, za ta iya zama da ƙaramar hukuma da masu unguwanni su zaɓi dutse ɗaya a gwada da shi a lokacin hunturu, sa'ad da rana ba ta da zafi kuma tafkin na cike da ruwan damina.