Ba arahar keke ce matsala ba, kunyarmu ce

1/ Jiya na ajiye kekena a ƙofar aji, wani ɗan ajinmu ya ce, "Malam, har yanzu ba a yi arziki ba?" Aka kwashe da dariya. Shi ɗin kuwa ranar Litinin ya ranci ɗari biyar a wajena, kuɗin adaidaita. To yau sai mun yi maganar nan. Zare 🧵

2/ Tun 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da ₦200 ta haura ₦500, a 2024 ta kai dubu. Acaɓa kuma tun 2013 aka hana shi a Kano. Ɗalibi ya koma hannun ɗan sahu, yadda ya ga dama haka zai yanka.

3/ Na zauna na yi lissafi. Zuwa da dawowa ina kashe kusan ₦1,200 kullum, kwana biyar a sati. Dubu 24 ke nan a wata, a kan zama cikin cunkoso kawai. Sai na ce keke zan saya.

4/ A nan na tafka wauta. Mai shago ya nuna min Phoenix baƙi, irin na kakanninmu. Na ce Allah ya kiyaye, 'yan mata su gan ni a kan wannan? Na zaɓi wani ja mai ƙyalli, giya 21, sifirin gaba da baya, ga rubutun Turanci ko'ina a jiki. Kuɗinsu kusan ɗaya ne.

5/ Sati uku giyar ta fara tsalle. Wata biyu feda ta karye. Hannun birkin roba ne, in ka matse shi lanƙwashewa yake yi, keken yana ta tafiya abinsa. Ranar da na kusa shigewa ƙarƙashin tifa na gane araha ba ta ado.

6/ Mai gyaran unguwarmu ne ya fahimtar da ni. Ya ce kuɗin da za a yi abu biyar masu kyau da shi aka raba aka yi abu ashirin. Ƙarfen giyar siriri ne, faɗuwa ɗaya ya karkace. Sifirin ɗin nauyi kawai yake ƙarawa, yana shanye ƙarfin ƙafarka. Boris ɗin ma ko giris ba a sa masa ba.

7/ Kuma tsakani da Allah, wane dutse za ka hau a Kano? Gari ne shimfiɗaɗɗe. Sai dai in Dala za ka haura da shi. Me za ka yi da giya 21?

8/ Na sayar da shi da asara, na sayi ɗan gwanjo mai giya ɗaya. Wata tara ke nan. Abin da na kashe: faci huɗu, tib ɗaya, robar birki, man sarƙa. Tun a wata na huɗu ya biya kuɗin kansa. Ko ya lalace, kowane mai faci a bakin titi ya san kansa.

9/ Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai wahala. Ranar watan Afrilu ba ta wasa, sai ka shiga lakca kamar an tsamo ka daga rijiya, don haka nake tafiya da riga ta biyu a jaka. Ƙurar hunturu tana cin sarƙa. Ɓarayi suna son keke. Titinmu kuma babu layin masu keke, mai mota yana ganin kamar ka shigo masa falo.

10/ Haɗarin ba sabo ba ne. Ojo Maduekwe yana ministan sufuri a zamanin Obasanjo ya yi ta kiran a hau keke, shi kansa bas ta ture shi a Abuja. Mutane suka yi ta dariya, layin keken dai har yau shiru.

11/ Ƙanwata ma tana so ta hau, surutun unguwa ya hana ta. Ita ce ke biyan sahu kullum, masu surutun ba sa ba ta ko sisi.

12/ In za ka saya: je da mai gyara. Duba jikin keken, in akwai tsagewa ko sabon walda, bar shi. Juya taya ka ga ko tana rawa. Matse birki da ƙarfi. Ware kuɗin kwaɗo mai kauri da fitila tun kafin ka fara ciniki.

13/ A Holan kekuna sun fi mutane yawa, har tsohon firayim ministansu Mark Rutte da keke yake zuwa ofis lokacin yana kan mulki. Mu da muke jiran alat daga gida mu ne muka fi ƙarfinsa? Kunyar da ke hana wani hawa ita ce ta sa ni sayen mai ƙyalli, ta cinye min kuɗi.

14/ Abokina mai tambayar arziki, na san kana karantawa. Ɗari biyar ɗina nake jira, zan sayi man sarƙa 😂