Idan Baƙo Ya Nemi Masallatan Magabata, Me Za Mu Nuna Masa?

Duk wanda Allah Ya nufa da tafiya ƙasar Yukren kafin yaƙin da ya ɓarke a 2022, kamar ɗalibanmu da suka je neman ilmin likitanci, ya san cewa ba ya daɗewa a birnin Kiyef sai an kai shi majami'ar Sofiya, wadda aka gina a ƙarni na goma sha ɗaya a zamanin sarkinsu Yaroslaf, kuma har yanzu adon bangonta na asali yana nan, mai ziyara yana ganinsa da idonsa. Majami'ar Mika'ilu mai ƙubbobin zinariya kuwa, wadda hukumar gurguzu ta rushe kafin Yaƙin Duniya na Biyu, da mutanen ƙasar suka sami 'yancin kansu sai suka mayar da ita bisa siffarta ta dā, aka buɗe ta a 1999. Musulmi ba ya shiga irin waɗannan wurare domin ibada, sai domin i'itibari, kuma yana da madogara a cikin abin da malaman tarihi suka ruwaito game da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya ziyarci majami'ar Baitul Muƙaddas amma ya ƙi yin salla a cikinta, don kada na baya su ƙwace ta daga masu ita.

Abin da ke damuna shi ne ranar da baƙo daga can zai rama mana ziyara. A ce ya biyo hanyar Katsina, ya wuce kasuwar hatsi ta Dawanau, ya shigo birnin Kano ta Ƙofar Dawanau, alhali ya karanta cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwar Kano wajen shekara ɗari tara da suka shige, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, kuma Shehu Magili ya zauna a birnin nan yana karantarwa. Babu shakka zai dubi dama da hagu yana neman badala, sai ya tarar ruwan sama ya zaizaye wani sashe, masu ɗiban ƙasa sun kwashe wani, gidaje da shaguna sun hau ragowar. In ya ce a kai shi masallacin da Rumfa ya assasa, za mu kai shi Babban Masallacin da ke daura da Gidan Sarki, gini mai kwarjini wanda aka yi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, amma tsohon na ƙasa da doguwar hasumiyarsa sai a hoto.

A Zariya ne lamarin ya fi ciwo. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, da tubali da azara, ya ɗaga bakunansa suka haɗu a sama ba tare da ƙarfe ko siminti ba, shi ne ƙololuwar abin da hannun maginin Hausa ya taɓa kaiwa, har wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya zo ya auna shi kamu-kamu, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. Daga baya aka lulluɓe shi da ginin zamani, sannan a watan Agusta na 2023 wani sashensa ya rufta a kan masallata ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka, Allah Ya jiƙansu da rahama. Mutanen Yukren makami ne yake rusa musu wuraren ibada, kamar yadda ya auku ga babbar majami'ar Odesa a watan Yuli na 2023. Mu kuwa namu suna faɗuwa ne cikin zaman lafiya, saboda gafala, ko kuma mu rushe su da hannunmu da sunan gyara.

Na san hujjar masu saɓa mini, kuma ba na raina ta. Suna cewa masallaci an gina shi ne domin sujada, jama'a ta yawaita, sahu yana bukatar fili, girmama gini kuma yana iya kai jahili ga guluwwi. Amma maslahar faɗaɗawa ba ta wajabta shafe na farko ba, tun da ana iya gina sabo a gefe a bar tsoho yana tsaye ana salla a cikinsa. Kiyaye abin da magabata suka yi waƙafi kuwa riƙon amana ne, tsakaninsa da bautar gini akwai nisa. Ga Agadas nan, hasumiyar masallacinta ta ƙasa da aka fara ginawa a 1515 aka sabunta a 1844 tana tsaye, mita 27, kuma ba a fasa salla a ƙarƙashinta ba. Mutanen Janne a Mali kowace shekara gari ke fitowa, yara da manya, su yaɓe masallacinsu da laka. Katsinawa ma sun riƙe hasumiyar Gobarau.

Ginin ƙasa ba ya neman dukiya mai yawa, yaɓe yake nema kafin damina, da indararo mai kyau, da magini wanda ya gaji sana'ar. Wannan shi ne abin da muka sake, domin a dā sarki kan yi shela a fito gayyar gyaran ganuwa, kowace unguwa da rabonta. Ina roƙon masarautar Kano da hukumar kula da kayan tarihi su ƙididdige tsofaffin masallatan unguwannin cikin birni tun da sauransu, a hana rushe ko ɗaya sai da izini, a keɓe waƙafi domin yaɓensu, a kuma sa Sarkin Gini ya ɗauki almajirai tun dattawan da suka san haɗin makuba da ɗaurin guga suna raye. Abin da ya rage na badala tsakanin Ƙofar Dawanau da Ƙofar Waika kuwa, a shata masa iyaka a rubuce, a danƙa wa masu unguwannin da ke maƙwabtaka da shi alhakin tsaronsa kafin damina mai zuwa.